Wake zuwa Legas, sukari zuwa Singa: littafin aikin tirela

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Mota ta shiga gareji yau don dubawar ƙarshe kafin zagayen Kano zuwa Legas da dawowa. Kan motar DAF ce ta hannu mai aksil uku, bodin ma aksil uku ne mai bangon ƙarfe, taya 22 ke nan gaba ɗaya. Abin da ake son ganewa da wannan zagaye guda ne: bayan gas da kamasho da kuɗin hanya da abin da taya ke ci a ɓoye, nawa ke saura wa masu mota? Saboda haka duk kuɗin da ya fita sai an rubuta shi, har na ruwan leda.

Da taya aka fara. Dukkansu 315/80R22.5 ne, lambar nauyinsu 156/150. Ma'anarta taya ɗaya tilo tana ɗaukar kilo 4,000, amma idan an jera biyu kowacce kilo 3,350 ne iyakarta. Aksil mai taya huɗu ke nan ba ya wuce tan 13.4, komai kyan tayar. An auna iska da sassafe tun taya na da sanyi, aka kai kowacce 120 a geji. Aunawa bayan tafiya ruɗi ce, zafi na ɗaga allura, mai faci ya rage iska yana ganin ya gyara. An kuma sake jera tayoyin bodi ta yadda duk biyun da ke tare tsayinsu ya zo ɗaya. In aka haɗa sabuwa da wadda ta sha hanya, sabuwar ce ke ɗaukar mafi yawan nauyin, tsohuwar kuma tana gogar kwalta tana cinyewa. Lambobi huɗun da ke gefen taya su ne mako da shekarar da aka yi ta, an rubuta na kowacce a littafi.

Birki na iska ne, gwajinsa ba wuya. Aka tayar da mota iska ta cika tanki, aka kashe inji, direba ya taka birki ya riƙe minti ɗaya ana kallon allura. Ta sauka fiye da yadda ya kamata. Da aka bi tiyo da ruwan sabulu sai kumfa ta tashi a bakin jan tiyon da ke kai iska bodi, robar mahaɗin ta tsage. Ƙaramin abu ne, amma in iska ta ragu a hanya birkin bodi yakan fara kamawa da kansa kaɗan-kaɗan, durom ya ɗau zafi, gas ya ƙaru, direba bai san dalili ba. An canza robar. Da aka ja zaren ƙasan tankunan iska ruwa ya fito haɗe da ɗan mai, don haka aka canza filtar da ke busar da iska.

Sauran aikin na yau da kullum ne: baƙin mai 15W-40 da filtarsa, filtar gas, giris a tantebur inda bodi ke hawa kan mota, ɗaure yubol da ke riƙe sifirin da aksil, duba santabol, wato notin tsakiya na kowane sifirin. An ɗaga kowace ƙafa da jak an girgiza, babu wasa a boris, wato ƙarfe mai 'ya'ya da ƙafa ke juyawa a kansa. Cikin akwatin kayan gyara akwai filtar gas biyu, fanbel, tiyon iska, boris na ciki da na waje da sil ɗinsu (robar da ke riƙe giris ta tare ƙura), bokitin giris, jak biyu da katakon ɗora su, weji huɗu, da sifiya biyu.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Takardu sun cika: lasin mota, takardar lafiyar mota, lasin direba mai aji G wanda shi ne na tirela, da inshora. Inshorar dole ta babbar motar kaya naira 100,000 ce tun farkon 2023, kuma daga 1 ga wannan wata 'yan sanda suka fara matsa wa masu mota a kanta, saboda haka an tabbatar lambarta tana fitowa a intanet kafin a bar gari. Wannan inshorar ba ta shafi kayan da ke cikin mota ba, tasu daban ce, ita ma an yi. Na'urar ƙayyade gudu na aiki, abin kashe gobara biyu, alamar gargaɗi, tef mai ƙyalli a gefe da bayan bodi. An yi kwafin komai kashi uku, na asali suna cikin jakar direba.

An samu lodi a Dawanau ta hannun ɗan kamasho: jan wake, buhu 300, zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, naira 4,500 kowane buhu. Jimilla 1,350,000, kamasho biyar cikin ɗari. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma dalilin a fili yake. Motocin da suka kawo kayan kamfani daga Kudu sun riga sun ci ribarsu a zuwa, abin da suke nema na komawa kuɗin gas ne kawai, ko nawa aka taya sai su sallama. Mai motar da gidansa Kano da su yake gogayya. Wanda ya yi lissafinsa a kan lodin tafiya kaɗai bai fara lissafi ba.

An rubuta yarjejeniya a takarda: kuɗin dako da harajin kasuwa na mai kaya ne, abin da aka karɓa a hanya na mota ne. Za a ba da saba'in cikin ɗari kafin tashi, sauran a wurin sauke kaya.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Lodi. An hau sikeli da mota ba kaya, tan 18.4. Kafin 'yan dako su fara an zaɓi buhu goma daga wurare daban-daban a sito aka auna. A baki buhun wake kwano 40 ne, kilo 100, amma waɗannan sun kama daga 100 zuwa 108, don ana yi musu ƙari a baki a ɗinke. Tsaka-tsaki 104. Buhu 300 ke nan tan 31.2 ne, ba 30 ba. Bayan lodi sikeli ya nuna 49.6, ƙasa da tan 51 da ƙa'idar ECOWAS ta yarje wa mota mai aksil shida.

Ɗan kamasho ya so a ƙara sittin. “Alhaji, kowa ɗari huɗu yake ɗauka, motar nan ko gezau ba za ta yi ba.” Buhu sittin naira 270,000 ne, bai kai kuɗin sabuwar taya ɗaya ba, kuma zai kai motar kusan tan 56 a kan hanyar Lambata mai ramuka. Gaskiyarsa ce da yawa na ɗauka. Su ne kuma ake wucewa an kafa musu jak a gefen titi, ganye jere a bayansu. An tsaya a 300.

Jeri: sahu ɗaya a tsaye, na samansa a kwance, don buhuna su kama juna. An fara daga bangon gaba, aka cika saman tantebur da saman ƙafafun baya daidai, ba a tara kaya a wutsiya ba. Kaya in ya yi nauyi a baya kan mota na rasa riƙon ƙasa a hawa, sitiyari ya yi sakayau. Masu ƙirga biyu ne, na mai kaya da na mota, ana haɗa lissafi a duk buhu hamsin. Tamfol biyu, na baya aka fara shimfiɗawa na gaba ya hau kansa don iska kada ta shiga ta haɗin, sannan igiya a gicciye.

An tambayi mai kaya ko an sa ƙwayar maganin ƙwari a buhunan, ya ce an sa makon jiya. Wannan ƙwaya iskar guba take fitarwa mai wari kamar tafarnuwa, don haka an gargaɗi yaran mota biyun kada wanda ya kwana a ƙarƙashin tamfol komai sanyi. Fasinja a saman kaya kuwa babu, ko na kyauta ko na kuɗi.

Gas lita 600 aka zuba. An fara tsiyaya kaɗan a farar kwalba aka ajiye minti goma, ba ruwa a ƙasa, ba warin kananzir. Akwai sandar awo da aka yi wa zane a duk lita hamsin, da ita za a riƙa aunawa safe da yamma, don gejin tsohuwar mota ba abin dogaro ba ne.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

An tashi bayan asuba cikin hazo. A Kwanar Dangora aka tsaya aka bi duk notin ƙafa da wilsifana, don ƙafar da aka kwance a gareji notinta kan saki a kilomita hamsin zuwa ɗari na farko. Uku sun karɓi ƙari. Daga Kano zuwa Kaduna kwalta sabuwa ce, ita ce kuma mai ruɗar direba ya zarce 60 da doka ta sa wa tirela a babbar hanya. An yi Juma'a a Maraban Jos. Bayan Kaduna aikin titin Abuja bai ƙare ba, ana ta karkatar da motoci hannu ɗaya. An isa Tafa kafin magariba aka kwana. Wannan yanki ba a bin sa da dare.

Hanyar Birnin Gwari da Tegina ta fi kusa zuwa Mokwa, kuma tun sulhun da aka yi a ƙarshen 2024 motoci sun koma binta. Masu motar nan sun zaɓi su ƙara ganin kamun ludayin hanyar tukuna.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An karya a mahaɗar Dikko, inda tankar mai ta fashe ranar 18 ga Janairu ta halaka fiye da mutum 80, aka nufi Lambata. Daga Lambata zuwa Bida ta Lapai da Agaie bai wuce kilomita 120 da ɗoriya ba, amma a nan tafiyar take. Wurare da yawa kwalta ta tashi sai jar ƙasa da ramuka masu haɗiye rabin taya, mota na tafiya a ƙananan giya, bodi na karkata hagu da dama. Da rani ƙura ce, da damina taɓo ne mai riƙe mota kwanaki. Titin Minna zuwa Bida na jiha ne, an sha hana manyan motoci binsa, shi ya sa kowa ke tururuwa nan.

Ƙa'idar wannan yanki ita ce tsayawa duk awa ɗaya. Yaro ya zagaya da guduma yana bugun kowace taya, mai iska tana amsawa da ƙarfi, wadda ta sace kuma sautinta a mace yake. Ya cire duwatsun da suka maƙale tsakanin tayoyi biyu. Sannan ya kai bayan hannunsa kusa da kowane hob, wato cibiyar ƙafa inda boris yake. Duk su yi ɗumi ba laifi, abin tsoro shi ne ɗaya ya fi 'yan'uwansa.

Gab da Agaie yaro ya ce, “Oga, ta tsakiya ta hagu ba ta taɓuwa.” Ga warin ƙonannen giris. An samu wuri mai tauri aka faka, weji gaba da baya, alamar gargaɗi can nesa, jak a kan katako. Ba a zuba ruwa ba. Durom mai zafi in ya sha ruwan sanyi yakan tsage, gyaran dubu goma ya koma na dubu ɗari. An bar shi ya huce, aka ɗauko bakanike daga gari a kan acaɓa.

Da aka buɗe, sil ɗin ciki ne ya yage, ƙura ta shiga, giris ya koma baƙin ƙulli mai yashi a hannu, 'ya'yan boris na waje sun fara canza launi. Sa'ar da aka yi sandar aksil ba ta yi shuɗi ba, ba ta kuma ci ba. In da an ƙara kilomita ashirin, boris zai narke ya manne da ita, ko ƙafar ta fita gaba ɗaya da tayoyinta biyu, ko wuta ta kama ta bi taya ta hau tamfol. An wanke hob da gas, aka sa sabon boris ciki da waje da sabon sil. Giris da tafin hannu ake cusa shi har ya ɓullo ta ɗaya gefen boris, shafawa a sama ba ta wadatarwa. An ɗaure noti ana juya ƙafa har ta yi nauyi, aka sassauta kaɗan, aka kulle. In ya matse da yawa zafi zai dawo, in ya yi sako-sako sil zai sake yagewa. Awa huɗu aikin ya ci. An kwana a Bida.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Bida, gadar Wuya a kan kogin Kaduna, Kutigi, Mokwa. A Mokwa motocin Sakkwato da Kebbi da suka biyo ta Kontagora ke haɗuwa da na Kano, daga nan zuwa Jebba hanya ɗaya ce tal ga kowa. Da gadar Tatabu ta karye a 2017 an ga abin da hakan ke nufi. An taɓa hob ɗin da aka gyara sau uku kafin Jebba, lafiya lau. An haye Neja, Bode Saadu, aka kwana a Oko-Olowo bakin Ilorin. Sanda ta nuna Lambata zuwa Bida kaɗai ta sha kusan lita 90.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Ranar shingaye. Ba yau aka fara ba, amma daga nan suka yi yawa. Iri uku ne. Akwai jami'an tsaro da na kiyaye haɗurra da masu duba lafiyar mota, waɗanda takarda suke nema, in ta cika magana ba ta tsawo. Akwai masu karɓar harajin kayan gona da na ƙaramar hukuma da sitika iri-iri, wasu da rasit wasu babu. Sai matasa masu katako mai ƙusoshi waɗanda ba su ce daga ina suke ba. Dokar haraji ta 1998 ta hana kafa shinge a hanya don karɓar haraji, amma direban da ke ɗauke da wake na miliyoyin naira ba zai tsaya karanta wa mai katako doka ba. Madubi ɗaya in aka fasa ya fi abin da ake nema tsada.

Abin da ke aiki: a tanadi canji ƙanana a aljihu daban, kada a fito da damin kuɗi. A miƙa kwafi, na asali ya tsaya a hannu. A nemi rasit duk inda ake bayarwa, don wani lokaci na gaba yakan karɓe shi. Yaro ɗaya ya sauka, direba ya zauna a kan sitiyari. Zuwa yanzu abin da shingaye suka ci ya kai naira 96,000.

Tsakanin Ogbomosho da Oyo sabon titin bai kammala ba, tsohon siriri ne mai kwana da yawa, tankoki na tahowa gaba da gaba. An wuce Ojoo a Ibadan, aka hau babban titin Legas, aka faka a Ogere da la'asar. Dokar Legas ta hana tirela yawo cikin gari daga shida na safe zuwa tara na dare, don haka sai an yi isha'i za a ƙarasa.

Talata, 11 ga Fabrairu

An shiga Mile 12 wajen sha ɗayan dare, aka bi layi, da safe aka buɗe tamfol. Buhu 300 cif, biyu sun fashe a ɗinki aka sake ɗinkewa a wurin, ba a cire komai ba. An tsayar da saukewa da ya rage buhu talatin har sai da cikon naira 405,000 ya shigo waya. Ba rashin yarda ba ne, kowa a kasuwar ya san haka ake yi. Mota in ta zama fanko, mai bin bashi ne ke zarya. Kuɗin ƙofa da na yuniyon sun kai kuɗin hanya na zuwa 120,000. Gas da aka sha daga Kano: lita 560.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Mota na fake a gareji a bakin gari, ana neman lodin komawa. Kowace rana a tsaye tana cin wajen naira 12,000 na abinci da kuɗin fakin, ban da ranar aikin da ta tafi.

An kawo tayi huɗu. Kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Apapa ba ta yiwuwa, bodin ba shimfiɗaɗɗe ba ne mai makullan kwantena, kuma tun 2021 shiga tashar sai da rajista da tikitin kira na manhajar Eto. Siminti, kamfanonin na da motocinsu da 'yan kwangilar da suka yi rajista. Katan-katan na sabulu da taliya daga Ota kaya ne mara nauyi mai daɗin ja, amma biyansa sai bayan wata guda, ga katan ba ya jure ramuka. Na huɗu sukari ne, buhu 600 masu kilo 50, zuwa kasuwar Singa, naira 3,200 kowane buhu. Ana sa ran azumi farkon Maris, 'yan kasuwa na gaggawar kaya, shi ya ɗaga kuɗin. Jimilla 1,920,000. Dillalin da kwangilar ke hannunsa zai cire goma cikin ɗari, don mai mota ɗaya ba ya samun lodin kamfani kai tsaye. An karɓa.

An yi lissafin komawa fanko don a san inda aka tsaya: lita 380 na gas, ga kuɗin hanya da na direba. Da haka aka yi, zagayen zai ƙare da asarar kusan naira 145,000 tun ba a sa gyara ba. Jiran kwana uku ko huɗu ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

An yi lodi a wani sito. Sun nemi takardar inshorar kaya, lasin direba, da shaidar cewa na'urar bin sawu na aiki. Sukari ba wake ba ne, danshi kaɗan ke sa shi dunƙulewa, wari kuma yana kama shi. An share bodi an wanke tun jiya ya bushe, aka shimfiɗa leda mai kauri da kwali a ƙasa, aka bi bango da hannu ana neman bakin walda mai kaifi. An ƙirga 600 a gaban ma'aikacin sito, aka duba webil, takardar rakiyar kaya: lambar mota, adadi, sunan mai karɓa. An ba da sittin cikin ɗari, 1,152,000, dillali ya cire nasa a ciki. Sauran sai webil ya koma da hatimin mai karɓa.

Za a koma ta Akure da Lokoja. Ta fi tsawo da kusan kilomita 90 kuma akwai hawa, amma girgizar Lambata za ta goge buhunan sukari.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Ibadan, Ife, Akure, Owo, Ibillo, Okene. Matsalar wannan hanya gangara ce. Ƙa'ida ita ce a sauka da giyar da za a hau da ita, a sa ta tun kafin kan mota ya leƙa gangaren, a bar birkin inji ya riƙe, birkin ƙafa a taɓa a saki. Abin da ke kashe mutane shi ne sa mota a firi don tsimin gas. Inji na komawa salo, kwamfireso ya rage cika tanki, direba na ta taka birki iska na zuba, durom ya yi zafi ya buɗe, layinin ya daina kamawa. Daga nan ba giyar da za ta shiga. Tsarin da ake ba direba adadin lita a ce abin da ya rage nasa ne shi ke koya masa wannan. A motar nan gas na masu mota ne, ladan direba kuma a kan isar kaya lafiya yake.

An ƙara gas lita 150 a wani gidan mai a hanya da dare, ba a samu hasken duba kwalba sosai ba. Bayan awa biyu mota ta fara rasa ƙarfi a hawa, tana shaƙewa in an taka totur. Kofin ƙasan filta ya tara ruwa da laka. An zubar, aka sa sabuwar filta, aka buga famfon hannu har kumfa ta daina fitowa, ta tashi. Minti arba'in. Rashin filta a akwati da ya sa an kwana a dajin.

Bayan gadar Murtala, kusa da Koton Karfe, tayar ciki ta aksil na ƙarshe ta tarwatse. Ƙusa ce ta shige ta, iska ta riƙa fita a hankali tsakanin tsayawa biyu. Ta waje ta riƙe nauyin shi ya sa ba a ji komai a sitiyari ba, ta ciki kuma tana lanƙwasa tana zafi har wayoyinta suka saki. Ɓallen ya karya madigadi. An sa sifiya, aka duba ta wajen da kyau don ta ɗauki nauyin biyu, ba ta kumbura ba. Sabuwa a Gwagwalada naira 330,000.

Laraba, 19 ga Fabrairu

An shiga Singa da asuba kafin hanya ta cushe. An sauke 600, amma biyu da ke jikin bangon gaba sun yage, wani bakin walda da ke can sama ya goge su duk lokacin da aka taka birki. Mai karɓa ya rubuta a webil, za a cire naira 160,000. Inshorar kaya ba ta biyan ƙaramar asara irin wannan, akwai adadin farko da mai mota ke ɗauka da kansa. An ɗauki hoton webil mai hatimi aka tura, na asali ya bi motar dare zuwa Legas. Gas na dawowa lita 590.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Lissafi. Kuɗin mota zuwa da dawowa naira 3,270,000. Gas lita 1,150, tsaka-tsakin farashi 1,200, ya kama 1,380,000. Kamasho biyu 259,500. Kuɗin hanya 185,000. Alawus na direba da yara da abinci da fakin 210,000. Boris da aikin bakanike 95,000, taya 330,000, sukari 160,000. Abin da ya fita 2,619,500, saura 650,500.

Wannan ba riba ba ce tukuna. Taya 22 a kan 320,000 kowacce sun haura miliyan bakwai, in an ɗauka za su yi kilomita 60,000, kowace kilomita na cin wajen naira 117. Zagayen ya kai kilomita 2,230, wato 260,000 da dole a ware ko ba a ga ta fita ba. Juyen baƙin mai da filtoci a duk kilomita 10,000 ya ɗora wa zagayen wajen 67,000. Saura 323,500, kuma a ciki albashin wata da rabon inshora da takardu za su fito.

Akwai kuma inda kuɗin yake. Cikon sukari bayan cire buhu biyu naira 608,000 ne, yana hannun dillali, ya ce mako biyu. A cikin 650,500 na takarda, 42,500 ne kawai a hannu. Gas ɗin tafiya ta gaba daga kuɗin gaba na sabon lodi zai fito, saboda haka ba za a karɓi lodin da ke ba da ƙasa da saba'in cikin ɗari ba.

Mota na gareji. Za a goge bakin waldar a lulluɓe bangon gaba da katako, a buɗe sauran hob biyar na bodi a canza musu sil, a gyara madigadi, a mayar da boris da filta cikin akwati. An sayi ƙaramar na'urar auna zafi daga nesa da tocila mai ƙarfi don duba gas da dare. An kuma fara magana da dillalai biyu a Legas tun yanzu, don a san lodin komawa kafin mota ta bar Kano. Ɗan kamasho ya yi waya akwai masara buhu 300 zuwa Bodija a Ibadan, lodi ranar Litinin, ana kan ciniki.